Koyon gwajin magungunan kashe ƙwayoyin cuta a kan sababbin cututtuka: daga ina ake farawa?

Wata ɗaliba da ta kammala digirin farko a fannin nazarin ƙananan halittu ta aiko da tambaya cewa tana son ta ƙware a gwajin sinadaran kashe ƙwayoyin cuta da ake goge wurare da kayan aiki da su, musamman a kan cututtukan da ke ɓullowa sababbi irin su Korona da Ebola da ƙyandar biri, amma ɗakin gwaje-gwajen jami'arsu ba shi da ikon riƙe irin waɗannan ƙwayoyi masu haɗari. Tana son ta san ko akwai abin da za ta iya koya a inda take, ko kuwa dole sai ta fita ƙasar waje.

Malama, Allah ya yi wa niyyarki albarka. Akwai abin koya a inda kike, kuma shi ne ma mafi yawan aikin. Mutane da dama suna ɗauka cewa wahalar wannan fanni tana wajen riƙe ƙwaya mai kisa, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wahalar tana wajen tabbatar da cewa lambar da kika rubuta a ƙarshen gwaji gaskiya ce, wato ƙwayoyin da ba su tsiro ba sun mutu ne da gaske, kuma maganin ne ya kashe su cikin lokacin da kika ɗibar masa, ba bushewa ko kuskuren hannu ba. Ana samun wannan ƙwarewa ne da ƙwayoyi marasa haɗari, kuma babu ɗakin bincike mai tsaro na gaske da zai bar mutum ya kusanci Lassa ko Ebola sai hannunsa ya faɗa a kan waɗannan tukuna.

Kafin ki ɗauki fifet, wato ɗan bututun auna ruwa na ɗakin gwaji, ki fahimci abin da ake aunawa. Idan aka ce magani yana kashe ƙwaya, maganar ba ta cika ba sai an faɗi wace ƙwaya ce, a wane ƙarfin haɗi, cikin minti nawa, kuma a kan wane irin wuri, mai tsabta ko mai dauɗa. Ana lissafin kisan da ma'aunin log, inda kowane log ɗaya yake nufin adadin ya ragu sau goma. Idan aka fara da ƙwaya 1,000,000, maganin da aka rubuta a jikin kwalbarsa cewa yana kashe kashi 99.9 cikin ɗari ya bar 1,000 da rai, log 3 ke nan. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 13727, wadda ake gwada magungunan goge wurare da kayan asibiti da ita a kan bakteriya, tana neman log 5, wato daga miliyan ɗaya kada a bar fiye da 10, ƙa'idar EN 14476 ta bairos kuma tana neman log 4. Wanda bai saba da wannan lissafi ba, har ya riƙa yinsa a ka, zai daɗe yana karanta sakamako ba tare da ya gane abin da yake faɗa ba.

Matsalar sabuwar cuta ita ce asibitoci suna buƙatar amsa yau, alhali ba wanda ya taɓa gwada ko da magani ɗaya a kan ƙwayarta. Abin da ya sa ake iya ba da amsa shi ne ƙwayoyi ba taurinsu ɗaya ba, kuma an daɗe da sanin jerinsu tun aikin masanin nan na Amurka, Earle Spaulding, a tsakiyar ƙarni na 20. A can sama akwai bakteriyar da ke ƙulle kanta cikin kwanso mai tauri ta yi barci, sai dangin ƙwayar tarin fuka, sai ƙananan bairos marasa riga irin na shan inna, sai fangas, sai bakteriya na yau da kullum, sannan a ƙasan kowa bairos masu rigar maiƙo. Ikon Allah, mafi yawan cututtukan da suka tayar wa duniya hankali a shekarun nan, Korona da Ebola da Marburg da Lassa da murar tsuntsaye da ƙyandar biri, duk masu rigar maiƙo ne. Kamar yadda sabulu yake narkar da maiƙon kwanon miya, haka alkohol da kulorin da sabulun kansa suke yaga wannan riga, kuma da zarar ta yage bairos ɗin ba ya iya shiga jikin kowa. Saboda haka tsananin kisan ƙwaya a jikin mutum ba ya nuna taurinta a kan tebur.

A kan wannan jeri Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta gina tsarinta na sababbin bairos a 2016. Tsarin ya ce idan sabon bairos mai riga ya ɓullo, maganin da ya riga ya tabbatar da kashe bairos marar riga, wanda ya fi shi tauri, ana iya ba da shawarar amfani da shi nan take. An fara aiki da tsarin a kan Korona a watan Janairun 2020, aka fitar da jerin magunguna a watan Maris, alhali magungunan farko da aka gwada kai tsaye a kan bairos ɗin sai a watan Yuli hukumar ta amince da sakamakonsu. Turai kuwa ta zaɓi wakilai tun farko, wato ƙwayoyin da ake gwaji da su a madadin wasu: bairos ɗin shan inna da adenobairos da norobairos na ɓera su ne ma'aunin cikakken ƙarfi, baksiniya kuma, ɗan'uwan bairos ɗin agana, shi ne wakilin masu riga. A wajen tarin fuka ma ba a gwaji da ƙwayar cutar kanta, ana amfani da 'yar'uwarta Mycobacterium terrae.

Wakilin da zai fi yi miki amfani shi ne Phi6, bairos mai riga wanda ba ya kama mutum ko dabba, sai wata bakteriyar tsirrai mai suna Pseudomonas syringae, don haka ana renonsa a faranti a ɗaki mai matakin tsaro na ɗaya, wato mafi ƙanƙanta cikin matakai huɗu na tsaron ɗakin gwaji. Bayan annobar Ebola ta Afirka ta Yamma, masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun kwatanta irin waɗannan bairos guda huɗu suka wallafa a 2017 cewa Phi6 ne ya fi kama da Ebola wajen yadda kulorin ke kashe shi a kan wuri. Ki lura da yadda suka yi: ba su ɗauki wakili saboda yana da sauƙi kawai ba, sai da suka gwada halinsa da alƙaluman da aka samu daga ainihin Ebola a ɗakunan tsaro na mataki na huɗu. Wakilin da ba a yi masa wannan kwatanci ba zato ne kurum.

Jerin taurin nan kuma yana da iyaka, kuma Candida auris ce ta nuna wa duniya haka. An fara bayyana wannan fangas a Japan a 2009 daga kunnen wata majiyyaciya, daga nan ta bazu a asibitocin ƙasashe da dama, har da Afirka ta Kudu da Kenya, an kuma ba da rahoton samunta a Najeriya. Tana iya yin makonni a kan gado da tebur, kuma an gano cewa magungunan rukunin kwat (quaternary ammonium), waɗanda asibitoci da yawa ke goge-goge da su kullum kuma suke da lasisin kashe fangas, ba su cika yi mata abin kirki ba, yayin da kulorin da haidurojin feroksayid suke kashe ta. Dole hukumar Amurka ta ware mata jerin magunguna nata daban, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin rukunin fangas mafi haɗari a 2022. A ganina wannan ne dalilin da ya sa ƙasa take buƙatar mutane irinki, domin jeri da wakili suna ba da amsar gaggawa ne, amma sai wani ya zauna ya gwada ainihin ƙwayar da aka samo daga asibitocinmu kafin a ce an sani.

Horon kansa yana farawa ne da abin da ɗalibai suka fi rainawa, wato ƙirga. Ki koyi sirka ruwan ƙwayoyi sau goma bayan sau goma, ki shuka a faranti, ki ƙirga abin da ya tsiro, ki maimaita har sai farantanki uku na sirki ɗaya suna ba da lambobi masu kusanci da juna, yau da gobe da jibi. Ki duba gaskiyar fifet ɗinki da sikeli mai kyau, tun da mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne. Ki yi aiki da ƙwayoyin da duniya ta amince da su a matsayin ma'auni, irin su Staphylococcus aureus mai lamba ATCC 6538 da Pseudomonas aeruginosa mai lamba ATCC 15442, domin idan kika yi gwaji da ƙwayar da ba a san asalinta ba, babu wanda zai iya maimaita aikinki a Legas ko a Yamai. Bayan haka sai gwajin cikin ruwa, inda ake zuba ƙwayoyi cikin maganin a kwalba, a jira lokacin da aka ƙayyade, a ƙirga saura. Wannan shi ne mataki mafi sauƙi ga magani, domin ya kewaye ƙwayar ta kowane gefe, kuma magani da yawa da suka ci shi sukan faɗi idan aka kai su kan busasshen wuri.

A nan zan ja hankalinki a kan wani abu da ya yi yawa a kundayen kammala karatu. Ɗalibi zai shuka bakteriya a faranti, ya huda rami ko ya ɗora 'yar takarda da ya jiƙa da magani, ya kwana, ya auna faɗin da'irar da ba ta tsiro ba, sannan ya rubuta cewa wannan magani ya fi wancan ƙarfi. Wannan hanya an yi ta ne don magungunan da majiyyaci ke sha. Abin da take aunawa shi ne yadda sinadari ke ratsa aga, wato daskararren abincin ƙwayoyin da ke cikin farantin, da yadda yake hana tsiro cikin awa 24, ba yadda yake kisa cikin minti ɗaya ko biyar ba. Alkohol, wanda ke bin iska nan da nan, zai fito kamar ba shi da ƙarfi, wani raunannen sinadari mai saurin yaɗuwa kuma ya fito gwarzo. Haka nan tsohon ma'aunin kwatanta magani da fenol, wanda Rideal da Walker suka fito da shi a 1903, yana da daraja a tarihi, amma ba a gina shawarar asibiti a kansa yau.

Gwajin da ya fi kusa da rayuwa shi ne na kan faifai. A tsarin ASTM E2197 ana amfani da ɗan faifan ƙarfe marar tsatsa mai faɗin santimita 1. Za ki haɗa ƙwayoyinki da dauɗar da aka tsara, ki ɗiga maikurolita 10 a tsakiyar faifan, ki bar ɗigon ya bushe har ya zama ɗan tabo fari-fari da ido ke iya gani idan aka karkata shi ga haske. Sai ki sa faifan a gindin ƙaramar kwalba, ki ɗora maikurolita 50 na maganin daidai kan tabon, ba a gefensa ba, ki danna agogo a daidai lokacin da ɗigon ya sauka. Idan kina da faifai goma, sai ki jera su da tazara daidai, misali daƙiƙa 30 tsakanin kowane biyu, domin kowanne ya sami lokacinsa cif. Da lokaci ya cika sai ki zuba makari, wato sinadarin da ke tsayar da aikin maganin, ki girgiza kwalbar da na'ura don ƙwayoyin su saki ƙarfen, ki tace, ki shuka. A gefe kuma akwai wasu faifan da aka yi musu komai iri ɗaya amma aka ɗiga musu ruwan gishiri marar magani. Da su za ki kwatanta, ba da adadin da kika ɗiga tun farko ba, domin bushewa kaɗai tana kashe kaso mai yawa na wasu ƙwayoyi, kuma wanda bai cire wannan ba zai ba magani ladan aikin da iska ta yi.

Makarin nan shi ne zuciyar aikin, kuma a kansa nake so ki fi daɗewa. Idan lokacin gwaji minti ɗaya ne, dole maganin ya daina aiki a daƙiƙa ta 60, in ba haka ba zai bi ƙwayoyin har cikin faranti ya ci gaba da kashe su dare guda, ke kuma ki wayi gari ki rubuta cewa ya gama da su cikin minti ɗaya. Kowane rukuni da makarinsa: sodiyam tayosalfet yana karya kulorin da aidin, lesitin da folisobet 80 suna karya rukunin kwat da kuloheksidin, katales yana rusa haidurojin feroksayid, alkohol kuma yawanci sirki mai yawa ya ishe shi. Amma ba a ɗaukar makari daga littafi a yarda da shi haka nan. Za ki shirya kwalabe uku, ki sa wa kowace ƙwayoyi 'yan kaɗan, misali ɗari. Ta farko ruwan gishiri ne zalla. Ta biyu makari ne kaɗai, don a ga ko shi kansa guba ne ga ƙwayar. Ta uku kuma magani ne da aka riga aka haɗa da makari kafin a zuba ƙwayoyin, don a ga ko ya karye da gaske. Idan lambobin ukun suka yi kusa da juna, gwajinki yana da tushe. Idan ta uku ta faɗi, duk sakamakon ranar ya tashi a banza, komai kyansa. Duk rahoton da aka kawo miki wanda babu waɗannan lambobi a cikinsa, ko daga wace ƙasa ya fito, ki ajiye shi gefe.

Aikin bairos masu kama mutum yana da ƙarin wahala, saboda ba sa tsirowa a aga, sai cikin sel, wato ƙwayoyin halittar jiki masu rai da ake reno a ɗaki, kamar sel ɗin Vero da aka samo daga ƙodar wani birin Afirka a Japan a 1962. Ana sirka samfurin, a zuba a faranti mai ramuka 96, a jira kwanaki, a duba da madubin likita ramukan da sel suka lalace, a lissafa. Matsalar ita ce maganin da ke kashe bairos yana kashe sel ma, kuma ido ba ya iya raba lalacewar biyu. Saboda haka ana yin gwajin shaida na magani kaɗai ba bairos, don a san iyakar inda gubarsa ta kai. Misali, idan bayan bushewa bairos ɗinki ya tsaya a log 5, gubar maganin kuma ta rufe miki gani har zuwa log 2, to abin da za ki iya nunawa bai wuce log 3 ba, ko da maganin ya kashe komai, kuma ba ki da ikon rubuta log 4. Mafita ita ce a fara da bairos mai yawa, ko a tace samfurin ta cikin wani sinadari mai riƙe maganin, ko a sirka shi cikin ruwa mai yawa a shuka duka. Kada kuma sauƙin na'urar PCR ya ruɗe ki. Ita tana gano guntun ƙwayar halittar bairos ne, mai rai ko matacce, kuma alkohol yana iya kashe bairos ƙurmus ya bar wannan guntu yadda yake, na'urar ta ce yana nan.

Akwai ɓangaren da ke hannunki fiye da hannun mai bincike a Turai. Ƙa'idojin can suna gwaji ne galibi a zafin digiri 20, da ruwa mai tauri, wato mai yawan ma'adinai, da aka haɗa a ɗaki, da dauɗar da aka auna: giram 0.3 na furotin jinin shanu a lita don wuri mai tsabta, giram 3 tare da mililita 3 na jajayen ƙwayoyin jinin tumaki don wuri mai dauɗa, a kan ƙarfe mai santsi. A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram zafin watan Afrilu yana haura digiri 40, ruwan haɗin na burtsatse ne ko na 'yan garuwa, daɓen siminti ne mai tsagewa, katifar kuma ledarta ta fashe. Zafi yana ƙara saurin kisa, amma yana busar da magani kafin lokacinsa ya cika, kuma maganin da ya bushe ya daina aiki. Yana kuma lalata kulorin tun yana cikin jarka. Rukunin kwat yana raunana a ruwa mai tauri, tsumman auduga yana shanye shi, sabulun wanki yana karya shi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, yana shiga gidaje ne ta fitsari da kashin ɓeran Mastomys, a kan daɓen ƙasa da tabarma da buhun hatsi, kuma waɗannan ba su cikin wuraren da ƙa'idojin nan suka tanada. Mai bincike da ke da wakili amintacce da faranti da haƙuri zai iya amsa tambayoyin da masu jinya suke buƙatar amsarsu.

Kulorin ya cancanci a tsaya a kansa, tun da shi ne makamin kowace annoba a nan. A lokacin Ebola ta 2014 an yi amfani da haɗi mai ƙarfin 0.5 cikin ɗari don wurare da jini da gawa, da mai 0.05 don wanke hannu, a lokacin Korona kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar 0.1 don goge wurare, ta kuma hana fesa magani a jikin mutane. Lissafin haɗin ba shi da wuya: a raba ƙarfin bilic ɗin da ƙarfin da ake so, a cire ɗaya, abin da ya rage shi ne adadin mudun ruwa ga mudu ɗaya na bilic. Mai ƙarfin 3.5, kamar yadda ake rubutawa a jikin wasu na kasuwa, zai ɗauki ruwa kashi 6 don ya ba da 0.5. To amma idan jarkar ta daɗe a rana a gaban shago har ƙarfinta ya sauka zuwa 2, wannan haɗin zai ba da ƙasa da 0.3, ma'aikaciyar jinya kuwa ta bi umarni daidai, warin kulorin yana tashi daga bokitinta, ba ta da hanyar sani. Don haka ki koyi auna ƙarfin kulorin da hanyar ɗige ta aidin da tayosalfet, wadda ba ta buƙatar tsadadden kaya. Ƙwayar sinadarin DPD da ake auna kulorin ruwan sha da ita ba ta dace a nan ba sai an sirka samfurin sosai, domin kulorin mai yawa yana koɗar da launinta ya nuna kamar babu komai. Ki auna kuma maganin da ake amfani da shi a ɗakin majiyyata, ba sabon da aka buɗe ba kawai, domin an sha samun Pseudomonas da Burkholderia suna rayuwa cikin kwalaben maganin da aka sirka aka ajiye, ana ƙara sabo a kan tsoho.

Batun tsaro ba a ɗage shi sai an kai ga ƙwaya mai kisa. Ki san bambancin akwatin kariya mai mataki na biyu, wanda ke jan iska daga wajenki zuwa ciki, da teburin iska mai tsabta wanda ke hura ta zuwa fuskarki; na biyun samfur yake karewa, ba mai aiki ba, kuma ba a buɗe ƙwayar cuta a kansa. Ki iya tabbatar da cewa otokilef, wato tukunyar tururi da ake kashe ƙwayoyin kayan aiki da ita, ya kai digiri 121 da gaske ta hanyar sa masa gwajin ƙwaya mai jure zafi, Geobacillus stearothermophilus. Ki yi rigakafin ciwon hanta nau'in B. Ki karanta bugu na huɗu na littafin tsaron ɗakin gwaji na Hukumar Lafiya ta Duniya, na 2020, wanda ya ɗora komai a kan auna haɗarin aikin da za a yi kafin a fara. A 2004 cutar SARS ta fita daga wata cibiyar binciken bairos a birnin Beijing, mutum tara suka kamu, mahaifiyar ɗaya daga cikin masu binciken ta rasu, kuma bincike ya danganta abin da samfurin da aka ɗauka an kashe shi aka kai shi ɗaki marar cikakken tsaro, alhali ba a tabbatar ba. Kuskuren da ya jawo wannan shi ne ainihin abin da fanninki yake koyar da gujewa. Kada kuma kowa ya lallashe ki ki yi renon samfurin wanda ake zargin yana da Lassa ko makamanciyarta a ɗakin jami'a. Renon irin wannan bairos aikin mataki na huɗu ne, kuma ɗakunan da suka kai haka a Afirka 'yan kaɗan ne, kamar na Johannesburg da na Franceville a Gabon.

Ki riƙe littafin aiki da muhimmanci: lambar kwalba, ranar ƙarewa, ƙarfin da kika auna da kanki, zafin ɗaki, ruwan da kika sirka da shi, da lambar kowane faranti, har wanda bai yi miki daɗi ba. Wannan shi ne ruhin ƙa'idar ISO 17025 da ake auna ɗakunan gwaji da ita, kuma shi ne abin da hukuma irin NAFDAC take dogara da shi kafin ta yi wa magani rajista. Wata rana mai kamfani zai kawo miki kayansa yana fatan sakamako mai kyau, wataƙila shi ne ma ya biya kuɗin gwajin. Ki rubuta hanyar gwajin da ma'aunin ci ko faɗuwa kafin a fara, ku sa hannu ku biyu, kuma in da hali ki sa wani ya rufe sunayen kwalaben da lambobi don kada ki san wanne ne wanne sai an gama ƙirga.

Game da inda za ki nufa bayan kin gina wannan tushe, a Najeriya akwai babban ɗakin gwaji na hukumar daƙile cututtuka ta NCDC a Gaduwa, Abuja, da Asibitin Koyarwa na Ƙwararru na Irrua a jihar Edo wanda ya shahara a kan Lassa, da cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's a Ede, da cibiyar binciken lafiya ta NIMR a Yaba, da cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda take da dogon aiki a kan murar tsuntsaye tun ɓullarta a wata gonar kaji a jihar Kaduna a 2006. A Nijar akwai cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai, a Senegal kuma cibiyar Pasteur ta Dakar. Mafi yawansu ganewar cuta da sa ido ne babban aikinsu, amma a can ne za ki koyi renon sel da ɗabi'ar aiki a ɗaki mai tsaro, sai ki haɗa da abin da kika kawo. Idan za ki nema, kada ki tsaya ga takardar digiri kaɗai. Ki tafi da ƙaramin aiki cikakke da kika yi da hannunki, misali ƙarfin kulorin na bokitan wani ɗakin jinya da aka auna safe da yamma bisa izinin asibitin, tare da gwajin faifai a kan ƙwaya ɗaya ta ma'auni da lambobin makari a rubuce. Shi ma malamin da zai horar da ke ki roƙe shi ya nuna miki rubutacciyar hanyar aikinsa da sakamakon gwaje-gwajen shaidarsa, ki tambayi ranar da aka yi wa akwatin kariyarsa binciken ƙarshe, da kuma wanda zai tsaya a kanki a watannin farko.